"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo": a ina ake faɗinta?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Ku raba mu gardama da maigidana. Tun shigowar Agusta silin ɗin falonmu yake ɗiga, har ya kumbura ya yi baƙi. Abokansa na majalisa suka ce ya narka kwalta ya shafe kwanon daidai saitin wurin. Ya shafa, har sau biyu. Ruwan daren Juma'a sai da na jera baho da bokiti biyu, na naɗe kafet. Na ce a kira kafinta, ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don Allah haka maganar take nufi?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ana faɗinta ne in na waje ya zo yana yanke hukunci a kan damuwar wani, ko ta aure, ko ta bashi, ko ta rashi. Wato wanda abin ya dama shi ya fi kowa sanin zafinsa. Ba ta ce ya san maganin ba. Kuma in da za a bi ta sak, su abokan nasa ne ya kamata su yi shiru, tunda ba ɗakinsu ba ne.

Mai Guduma:
Malam ya yi daidai. Ni bugun kwano ne abincina, kuma abin da nake so jama'a su gane shi ne, inda ruwa ya ɗiga daban, inda ya shiga daban. Ruwa kan shiga ta bakin ƙusa can sama, ya bi jikin katako yana gangarowa, sai ya tarar da gaɓa ko wata ƙusar sannan ya sauka a silin. Kai kana ƙasa kana nuna nan, ɓarnar tana taku uku ko huɗu sama da nan. Galibi ƙusa ce aka buga a kwarin kwano, hanyar ruwa, maimakon a tudunsa, ko haɗin kwano biyu bai hau juna sosai ba, iska ta turo ruwa ta ƙarƙashi. Kwalta kuwa rana tana gasa ta, ta tsage. Abin da ya fi damuna shi ne katakon. In ya daɗe yana jiƙa sai ya ruɓe, ƙusa ta daina riƙe shi, ranar da guguwar farkon damina ta zo a wayi gari rufin yana gidan maƙwabta.

Ɗan Kasuwar Rimi:
Ni fa ban yarda a raina shawarar abokai ba. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. Na taɓa kiran wani mai gyara, ya ce sai an sauya bandir guda na kwano, ya karɓi kuɗi, yoyon bai fasa ba. Abokina ne ya hau ya ga ashe ganyen darbejiya ne ya toshe indararo. Wanda ya kira kansa gwani ba lallai gwani ba ne.

Baba na Zariya:
Ɗana, an cuce ka, kuma Allah ya saka maka. Amma ka taɓa ganin an ɗauki ɗaki? Ni na gani, na kuma sa hannu. A ƙasa ake ɗaura jinka, a yi mata tanka, sannan a kira maza su kewaye ta su ɗaga su ɗora a kan bango. Masu ɗagawa da yawa, amma wanda ya ɗaura ta shi ke cewa ku matsa gabas, ku sauke a hankali. Ba kowa ke ba da umarni ba. To haka shawara take. Ka tambayi abokai wane kafinta ne mai amana, wa ya yi musu aiki ya ƙetare damina uku bai ɗiga ba. Wannan sun sani. Iyayenmu ba su ɗauki gini abin wasa ba, shi ya sa ake naɗa Sarkin Magina, kuma har yau ana ambaton Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Na ga gidajen ƙasa da yawa da aka shafe da siminti bisa shawarar majalisa. Danshi ya maƙale a ciki, simintin ya ɓamɓare, ya tafi da fuskar bangon. Tsohon magini zai ce maka yaɓe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa.

Ɗan Kasuwar Rimi:
Na karɓa, Baba. Amma dai a riƙa jin bakin masu sana'a biyu kafin a fitar da kuɗi.

Maman Biyu:
Na gode muku. Na karanta wa maigida, jiya ya kira kafintan da ya yi wa yayansa rufi. Ya shiga cikin silin da tocila, ya bi sawun ruwan a jikin katako har can kusa da ƙololuwa. Ƙusoshi biyar ne suka saki, katako ɗaya kuma ya fara ruɓewa, ya sauya shi. Ya ce kada mu taɓa silin ɗin sai ya bushe, an kuma yi ruwa biyu mun gani. Malam Mai Guduma, baƙin da ya yi ɗin nan fenti zai rufe shi, ko sai an cire allon gaba ɗaya?