Fatar madobiya tana ƙara wa lasifika zaƙi? Gardama a zauren kafintocin Maraɗi

Lawali: Assalamu alaikum. Wani Alhaji a unguwar Ali Ɗan Sofo ya ba ni aikin akwatunan lasifika biyu na falo. Da MDF, allon garin katako da aka matse da gam, mai kaurin milimita 18 zan yi jikin, amma ya ce sai na lulluɓe shi da siririyar fatar madobiya, wato falle da ake yankowa daga katakonta, wai ita ke sa sauti zaƙi. Ni ma na yarda, don na taɓa jin bambancin da kunnena.

Isuhu mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam. Da kunnenka ko da idonka, Lawali? Fatar nan galibi milimita 0.6 ce. Ka manna ta a kan katako mai 18, sannan ka ce ita ke juya sauti?

Baba Mamman: Kai Isuhu, waya ka sani, ba itace ba. Me ya sa mai sassaƙa kalangu ba ya ɗaukar duk iccen da ya tsinta?

Isuhu: A gafarce ni Baba, ai ba hanyarsu ɗaya ba. Kalangu da gurmi, jikinsu ake so ya amsa, daga nan muryar take fitowa. Akwatin lasifika kuwa aikinsa ya yi gum. Duk lokacin da bangonsa ya yi rawa, ya tsoma bakinsa cikin muryar mawaƙi ke nan. Shi ya sa ake zaɓar MDF mai nauyi, a tokare bangon daga ciki, a cusa auduga. Tokara ɗaya a tsakiya ta fi fata goma aiki.

Lawali: To biyun da na saurara fa? Mai fatar ya fi ɗan'uwansa zurfin murya nesa ba kusa ba.

Isuhu: Litar cikinsu ɗaya? Bututun iskarsu tsawonsa ɗaya?

Lawali: Gaskiya mai fatar ya ɗan fi girma.

Isuhu: To ka ji inda zurfin ya fito.

Nasiru: Ni da nake sayo kaya a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, wani abu ne ya dame ni. Tun 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ke sa wa cinikinsu ido, saboda yadda aka yi ta sare ta ana lodi zuwa Sin. In an miƙo maka fata an ce madobiya ce, karce gefenta ka gani, wata rini ne kawai. Me zai hana sapele? Ja ne mai ratsi kamar zare, sunansa ma daga garin Sapele na Najeriya ya samo shi. In Alhaji na son abin da zai tsaya wa baƙo a ido, akwai zebrano na Kamaru da Gabon.

Baba Mamman: Duk kun bar babbar magana. Fatar da ta taso daga kurmi cike take da laima, nan kuwa hunturu ke jiranta. Wata shekara na manna ta da damina, da gam ɗin nan mai kamawa nan take. Kafin Janairu ta tsattsage bin jijiya, zafin Afrilu kuma ya tayar da ƙuraje a saman akwatin, dole na mayar wa mai shi kuɗinsa. Tun daga nan sai na bar fata ta yi mako biyu a shago ta sha iskar garin, in sa farin gam, in danne da nauyi ta kwana. Kuma a manna ciki da waje, ko da mai araha ce a cikin, in ba haka ba allon zai lanƙwashe. Amma batun zaƙi ban janye ba.

Isuhu: Madalla, Baba. Lawali, ka gama akwatunan biyu daidai wa daida, ka manna wa ɗaya kawai tukuna. Ranar Juma'a bayan masallaci in kawo amfilifaya, a rufe wa Baba ido da rawaninsa, ya nuna mana mai fatar sau biyar a jere.

Baba Mamman: Rawanina ba abin wasan yara ba ne. Ku nemo ƙyalle, kuma Lawali ne zai dafa shayi.