Rikicin launin fata a jami'o'in Amurka: shawarwarin waɗanda suka gani da idonsu

Mun zauna da wasu da suka yi karatu a Amurka, muka tattauna yadda sabon ɗalibi zai bi da wannan rikici.

Kusan kowa ya ce a fara da saurare. Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Maraɗi baƙar fata ne, amma bai gaji raɗaɗin bauta da wariyar da baƙaƙen Amurka suka gada ba, don haka kada ya yi saurin ce musu sun cika ƙorafi. A jami'ar Missouri a 2015, irin wannan ƙorafi ne ya kai wani ɗalibi ga yajin cin abinci, 'yan ƙwallon makarantar suka ce sun daina wasa, har shugabanta Tim Wolfe ya sauka ranar 9 ga Nuwamba. A ganina wannan shawara ta saurare ta fi kowacce nauyi.

An yi saɓani kan 'yancin magana. Wasu sun goyi bayan jami'ar Chicago, wadda a 2016 ta rubuta wa sababbin ɗalibai cewa ba ta yarda a soke laccar baƙo don ra'ayinsa na jawo cece-kuce ba. Wasu suka ce muhawara daban, cin mutunci daban. An dai tsaya kan a soki hujjar mutum, a ƙyale fatarsa.

Wanda aka wulaƙanta kuwa, ya rubuta rana da wuri da shaidu, ya kai ofishin kula da ɗalibai kafin ya hau Facebook. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wariyar launin fata.