Bayan aikin zuciya T3 ɗin Baba ya sauka, maƙoƙo ne?

'Yar Mamobi:
Salam jama'a. Yau kwana 9 da aka yi wa Babanmu aikin zuciya nan Akra, kwana biyu da fitowa tiyata sai zuciyar ta fara bugu ba tsari, in ka ɗora yatsa a hannunsa kamar ganga a hannun ɗan koyo. Likita ya ce wannan bugun ba tsari shi ake kira AF, suka sa masa amiodarone, maganin daidaita bugun zuciya. To yanzu gwajin jini ya nuna T3, sinadarin tayirod (ƙullin nan da ke gaban wuya), ya yi ƙasa amma TSH, sinadarin da ke umartar tayirod ta yi aiki, daidai. Hajiya har ta fara shafa masa wuya tana neman maƙoƙo. Tayirod ɗinsa ce ta lalace?

Nas Aboabo:
Wa alaikissalam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kwantar da hankalinki. Tayirod wani sinadari mai suna T4 ta fi fitarwa, hanta da wasu gaɓoɓi ke juya shi ya zama T3, shi ne mai aikin. In jiki ya sha babbar wahala, balle an ɗora mutum kan injin nan da ke riƙe aikin zuciya da huhu, sai juyawar ta ragu, ko masu ciwon zuciya mai tsanani da ba a yanka ba ana ganin haka a jininsu. Yawanci in ya murmure T3 ke dawowa da kansa, shi ya sa ake sake gwaji bayan kamar sati 6. AF ɗin ma ba baƙo ba ne, wajen mutum ɗaya cikin uku na samunsa bayan irin wannan aiki, kuma rana ta 2 ko ta 3 ya fi zuwa.

Alhajin Madina:
'Yata, maganin nan ku sa masa ido. Amiodarone cike yake da aidin, yana iya kwantar da tayirod yana iya haukata ta. Ni da na sha shi sai da na rame, wandona ya koma sai da igiya, hannu na rawa ko kofin koko ban iya riƙewa, ashe tayirod ce ta yi yawa. A riƙa gwada TSH duk wata 6. Kuma kar ya daina sha da kansa, ko an daina ma yana yin watanni a jiki.

'Yar Mamobi:
Na gode Baba Alhaji. Wata maƙociya ta kawo mana ƙwayar tayirod ɗinta wai a ba shi rabi.

Nas Aboabo:
Kul! Ita ce ma za ta ƙara wa zuciyar gudu. Ki maida mata abarta, takardar gwajin kuma ki nuna wa likitansa ranar da za ku koma.