Za a buɗe kariyar a gonakin garinmu, mi ya kamata mu nema kafin a sa hannu?

Ɗan Gulbi:
Assalamu alaikum yan uwa, don Allah shawara nike nema. Garinmu yana kudu da Maradi ta wajen Madarumfa, to satin da ya wuce wasu mutane sun zo da farar mota sun ce kamfaninsu ya samu kwangilar hanya, suna son buɗe kariyar, wato wurin haƙar jan ƙasa da tsakuwa, a bayan gari, wurin ya ci gonaki da dama har da ta babanmu, kuma burtalin da Fulani ke bi da shanu nan ya ratsa. Sun yi ma maigari alkawarin famfo da aji biyu na lakkol, sun ce kuma za su ɗauki samari aiki. Duka da fatar baki ne, ba takarda ko guda. Dattijai sun ce a amsa kawai tunda ci gaba ne ya zo mana har gida, ni kuma wallahi raina bai kwanta ba. Jumma'a mai zuwa za su dawo. Wanda ya san kan abin nan ya taimaka.

Tsohon ma'aikacin meri:
Wa alaikumus salam ɗana. Abu na farko kada kowa ya dangwala hannu ran Jumma'ar nan, ku karɓe su da mutunci ku ba su ruwa, amma ku ce su kawo komi a rubuce. Ku tahi meri ku nemi COFO, wato hukumar filaye, ita ke da hurumin shaidar gona, duk mai gona a wurin ya samu takardarsa, ta gado ce ko ta saye ko aro, don ranar biyan diyya wanda ba ya da takarda shi ke kuka. Burtali kuwa ba na maigari ba ne balle ya bada, in aka toshe shi shanu cikin hatsi za su bi, kai ka san abin da ke biyo baya lokacin kaka.

Sannan ku tambaye su takardar binciken muhalli, aiki irin wanga sai ya bi ta hannun BNEE, ofishin gwamnati mai duba lamarin muhalli, kuma a ƙa'ida sai an ji ta bakin mutanen gari, ku ce a karanta maku da Hausa gaban jama'a. Wajen diyya kada ku yarda a ƙirga ƙasa kaɗai, a ƙirga gawo da aduwa da duk itacen da ke ciki, a ƙirga damanar da za a rasa, gonar da aka kwashe ma ƙasar sama ba ta komawa gona a shekara guda. Tun 2006 dokar ma'adinai ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗɗin da gwamnati ke samu ga kananan hukumomin jihar da ake haƙar, doka ce mai kyau, amma kuɗɗin sukan makara kuma talaka bai cika tambaya ba, shi ya sa nike cewa abin da za ku samu ku same shi a takardarku ta gari.

Mai shago a Zariya:
Ni abin da zan ƙara, ku yi maganar ranar tafiyarsu tun ba su fara ba, tun ran gini tun ran zane. Ku dubi Akokan kusa da Arlit, COMINAK ta fi shekara 40 tana haƙar yuraniyom, aka rufe ta a watan Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka zauna, garin da ya dogara da ita ya yi sanyi, ga tulin dusar ma'adini miliyoyin tan da ake ta maganar rufewa. In babban kamfani ya bar irin wannan aiki a baya to ina ga mai kwangilar hanya da zai yi wata goma sha wani abu ya kwashe katafilarsa. Ramin kariyar in an bar shi a tsaye kamar bango, damana na zuwa ya cika da ruwa, yara su je wanka, ƙasan ba ya ganuwa, ga sauro. Amma ramin nan dai in an kwantar da gefensa aka yi wa dabbobi mashiga sai ya zama tabkin da za a sha har bayan kaka, mata ma su yi ɗan lambu. Ku sa a rubuta cewa ƙasar sama a tara ta gefe guda a maido ta bayan an gama, kuma kamyon su riƙa yayyafa ruwa kan hanyar da ta bi cikin gari saboda ƙura. A sa hannun meri a takardar, ba kamfani da maigari kaɗai ba.

Yar Tibiri:
Yayana maganar famfon nan ce ta tsaya mani. Mu yan Tibiri mun san abin da ruwan da ba a auna ba ke yi, rijiyar burtsatse da aka buɗe a 1985 ruwanta ya zo da sinadarin fuloro mai yawa, aka sha shi shekara da shekaru, yara da yawa ƙafafunsu suka lanƙwashe haƙora suka yi ja, har yau kana ganin wasunsu sun girma a haka. Don Allah ku ce sai an kai ruwan an auna kuma an nuna maku sakamakon kafin kowa ya sha. Kuma wa zai gyara in ya lalace?? ku kafa kwamiti ku sa mata ciki su riƙe asusu, ko dala biyu ce kan jarka a riƙa ajewa, mu ke ɗibar ruwan mu ke fara sanin ya fara tari. Ajin lakkol ɗin ma ku tambayi hukumar ilimi ko za ta turo malami, kada a gina ɗaki ya zama wurin kwanan awaki.

Baƙin direba:
Duk na ji maganarku kuma gaskiya ce, amma kada ku tsananta har su koma garin gaba, su ba su rasa jan ƙasa ba. Samarinmu aiki suke nema, rashinsa ne ya kai su ramukan zinariya na Ɗan Isa inda ƙasa ta rufta a watan Nuwamba 2021 aƙalla mutum 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ni dai in ni ne, kan aikin zan fi matsawa. Kada a tsaya ga gadi da ɗaga tuta, a ce samari kaza za a koya masu tuƙin katafila da walda da kanikanci kuma a ba su takardar shaida in an gama. Bututun mai na Agadem zuwa Benin ya ratsa jiharmu, ga layin dogo na Kano zuwa Maradi kilomita 284 da aka aza harsashinsa a 2021, ayyuka na zuwa, yaron da ya iya injin ba zai zauna ba.

Ɗan Gulbi:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na karanta ma babanmu da maigari, maigari ya yarda a ce masu su dawo bayan sati biyu da takarda, gobe da safe mu uku za mu meri wajen COFO. Za mu aika ma arɗo shi ma ya zo taron saboda burtali. Baba tsohon ma'aikaci, akwai gona guda da ke hannun wata bazawara, aro ce daga dangin mijinta, in an zo diyya wa ake ba, ita ko su?