Idan na yi shiru gaban Ubangiji, hankalina sai ya tafi kasuwa

Mai ɗinki, Kafanchan: Salama 'yan'uwa. A Zumuntar Mata aka ce mu gwada zama shiru na minti goma bayan karatun Littafi Mai Tsarki na safe, ba roƙo ba waƙa. Sati uku ke nan ina yi. Da na rufe ido sai kuɗin makarantar yara ya faɗo mini, sai zanen da ban gama kalmasawa ba. Ina tashi da kunya. Akwai wanda ya taɓa shiga wannan hali?

Tsohon mai bishara, Malumfashi: 'Yata, na shiga, kuma na daɗe a ciki. Abin da ya taimake ni shi ne rage karatu. Da ina cinye sura guda, yanzu aya ɗaya nake ɗauka zuwa gona, in yi ta juya ta kamar saniya mai tuƙa. Damina guda na yi a kan 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya yana kan Dutsen Horeb, iska ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikinsu, sai ga murya siririya. Wata rana ina tsugune cikin dawa, fartanya a hannu, na ga ashe shekaru na yi ina jiran wuta.

Malamar asibiti, Zariya: Ni Katolika ce. Da dare nake yin binciken zuciya irin wanda Ignatiyus na Loyola ya koyar a ƙarni na 16: in gode, in bi ranar daga safe, in duba inda na amsa kiran Allah da inda na kauce. Ranar da yaro ya rasu a hannuna ban iya ko godiyar ba. Na zauna kawai. Romawa 8:26 ce ta riƙe ni, inda aka ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki.

Ɗalibin tauhidi, Jos: Ina da ɗan tsoro kan wannan. Shirun da babu Maganar Allah a ciki, mutum zai iya jin muryar kansa ya ce ta Ubangiji ce. Ko masu ibadar hamadar Masar na ƙarni na 4, Zabura ce a bakinsu dare da rana.

Tsohon mai bishara: Gaskiyarka, ɗana. Shi ya sa na ce a riƙe aya.

Mai ɗinki: Na gode Baba, na gode Anti. Yau na ɗauki addu'ar mai karɓar haraji ta Luka 18:13, inda ya ce Allah ya ji tausayinsa, shi mai zunubi. Kuɗin makaranta ya zo kamar kullum, ban kore shi ba, na ajiye shi gaban Yesu na koma kan ayar. Sau bakwai na koma kafin ruwan koko ya tafasa.