Firiza ta daina sanyi cikin garanti, mai shago ya ce wuta ce ta ƙona

Uwargida_Mabera:
Assalamu alaikum. Don Allah masana ku ba ni haske. Na sayi sabuwar firiza ta kwance a wani shago cikin garin nan Sakkwato, wata biyu da 'yan kwanaki ke nan, ina sana'ar ƙanƙara da zoɓo da ita. Yanzu ta daina sanyi. Idan an kunna sai ta yi gurnani kaɗan, ta yi ƙas, ta yi shiru, bayan 'yan mintoci ta sake. Katin garanti ya ce shekara ɗaya. Mai shago ko kallonta bai yi ba ya ce wuta ce ta ƙona kwamfuresa, garanti bai shafi wannan ba, ya kuma nuna mini inda aka rubuta a rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. In kira mai gyara ne, ko ina da wani haƙƙi?

Injiniyan_Sanyi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin komai: kada ki bari kowa ya taɓa bayan firizar nan. Ranar da mai gyaran unguwa ya yanke bututu ko ya sa wutar walda, ranar garantinki ya mutu, ko da tun daga kamfani aibin ya zo. Ki cire fulogi kuma, domin kowane ƙas ɗin da kike ji ƙara gasa kwamfuresar yake yi.

Wannan ƙarar ma'anarta kwamfuresa, wato injin da ke sa firiza ta yi sanyi, na ƙoƙarin tashi ta kasa, sai na'urar kariya da ke gefenta ta yanke wuta saboda zafi, ta huce, ta sake gwadawa. Abubuwa uku ke kawo haka, kuma ɗaya ne kawai ke nufin kwamfuresa ta mutu. Ko dai wuta ta yi ƙasa, ko rilen da ke tayar da ita ya lalace, ko ita kanta ta cije ko wayoyin cikinta sun ƙone. Rile ɗan ƙaramin abu ne mai araha da ake zarewa a sa wani cikin minti goma. Saboda haka wanda bai sa mita ba, ba shi da hurumin cewa wuta ta ƙona.

Abin da za ki iya yi ba tare da kin ɓata garanti ba shi ne a auna wutar soket ɗin. Wutar ƙasar nan ya kamata ta kasance wajen volt 230. Idan tana sauka ƙasa da 190, kwamfuresa mai lafiya ma za ta yi wannan ƙarar. A gwada ta a wuta mai ƙarfi, kai tsaye a soket na bango, ba ta doguwar waya siririya ba. In ta tashi, matsalar ta gidanki ce, sitabilaiza kike buƙata, mai jinkirin aƙalla minti 3 bayan an dawo da wuta. In ba ta tashi ba, sai ma'aikacin kamfani ya zo.

Idan ya zo, ki sa ya auna a gabanki. Kwamfuresa na da ƙafafun wuta uku, ana auna su bibbiyu, kuma awo mafi girma dole ya yi daidai da jimlar sauran biyun. Sannan a auna ko wuta na zuba jikin ƙarfen. In awon ya fita daidai amma ta ƙi juyawa ko da sabon rile, to cijewa ta yi daga ciki, kuma a na'urar wata biyu wannan ya fi kama da aibin ƙira. Ki nemi ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu.

Ki kuma duba takardar da ke manne a bayanta. Akwai harafin da ke nuna zafin da aka ƙera ta ta jure: N zuwa digiri 32, ST zuwa 38, T zuwa 43. A Sakkwato da bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi na wuce 40, don haka duk wadda ba T ba wahala take sha a garin nan. In mai shago ya san ƙanƙara za ki yi ya sayar miki da N, wannan ma abin faɗa ne.

Barista_Arkilla:
Injiniya ya gama da ɓangaren ƙarfe, ga na doka.

Malama, kina da kariya iri biyu, kuma mutane na cakuɗa su. Katin garanti alkawari ne na kamfani, da sharuɗɗan da shi ya tsara. Ban da shi akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar da ake kira CPC. Sashe na 131 ya ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, mara aibi, wanda zai yi aikin da aka san irinsa da shi. Sashe na 132 ya ce idan kayan ya gaza haka, cikin wata 3 daga ranar da aka miƙa miki shi kina iya mayar wa wanda ya sayar, ba tara, kuma ɗawainiyar mayarwar a wuyansa take. Shi kuma ko ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi.

Ki lura da kyau, wanda ya karɓi kuɗinki dokar ta ɗora wa nauyin. Ba zai ce ki je ki nemi kamfani a Legas ba. Tsakaninsa da dilansa, matsalarsu ce. Rubutun nan na rasit kuwa ba ya soke komai, domin dokar ta hana ɗan kasuwa gindaya sharaɗin da zai sa mai saye ya sarayar da haƙƙin da ta ba shi. Ko a fikihun da muka tashi da shi, kayan da aka samu da ɓoyayyen aibi ana mayar da shi, ba baƙon abu ba ne a kasuwannin nan.

Abin da ke damuna da maganarki shi ne lokaci. Kin ci wata biyu da ɗoriya. Dabarar da aka saba ita ce "dawo jibi", "oga ya yi tafiya", har wata ukun su cika. Don haka gobe ki kai koke a rubuce: ranar saye, samfuri, lambar jikin firizar, ranar da ta tsaya, abin da take yi, da abin da kike nema. Ki ba shi wa'adi, kamar kwana 7. Kwafi biyu, ya sa hannu a naki. In ya ƙi, ki tura masa hoton takardar ta WhatsApp, kwanan watan zai zauna a matsayin shaida. Ki ɗauki bidiyon ƙarar da hoton lambar. Asalin rasit da katin kada su bar hannunki, hoto ko kwafi za ki bayar. In ta banki kika biya, ki adana shaidar turawar.

Wa'adi ya cika bai motsa ba, ki shigar da koke ga FCCPC ta shafinsu na intanet, ki haɗa duk takardun nan. Ƙofar kotu ma a buɗe take, amma a kan firiza ɗaya ni ba zan fara da ita ba, kuɗin zirga-zirga zai iya cinye ribar.

Gaskiya ɗaya dai: in aka tabbatar wuta ce ko ƙaramin janareta ya yi ɓarnar, dokar ba za ta biya ki ba. Aibin kaya take karewa. Shi ya sa rubutaccen awon da Injiniya ya ambata ya fi komai nauyi.

Alhajin_Kasuwa:
Barista, maganarka dutse, amma a ji ta bakin 'yan kasuwa. Mai shago wanga ba shi ya ƙera ba, kuma dila ba ya karɓar kaya daga hannunsa sai da kati mai hatimi da kwanan wata, lambar da ke kati ta yi daidai da ta jikin kaya. Hajiya ki duba naki yanzu. Da yawa kati na cikin leda ba a cike shi ba, ko rasit ya ce "firiza ɗaya" kawai ba lamba. In haka ne, ki sa ya cike da ranar saye ta gaskiya tun kuna shiri, kafin rai ya ɓaci.

Sannan ki karanta ƙananan rubutun katin. Wasu kamfanoni suna cire kayan gida da aka yi kasuwanci da su daga garanti, ke kuwa ƙanƙara kike sayarwa. Ban ce ki yi ƙarya ba, na ce ki san inda za a ɓullo miki. A ɗaya hannun, sau da yawa garantin kwamfuresa ya fi na sauran jiki tsawo, kada a ce miki duka ɗaya ne.

Kafin hukuma, ki je da maigida ko wani babba wurin shugaban 'yan kasuwar layin. Ɗan kasuwa ya fi jin kunyar a kira shi gaban abokan sana'arsa a kan takardar da za ta zo daga Abuja, kuma an fi gamawa da wuri.

Uwargida_Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, T ce, katin ma da hatimi da lamba. An auna wutar, 215. To in ya yarda, gyara zan karɓa ko in dage sai an canza?

Injiniyan_Sanyi:
A 215 ya kamata ta tashi, don haka ba ƙarancin wuta ba ne, aƙalla a lokacin da aka auna. A sake aunawa da dare, lokacin da unguwa ke jan wuta.

In rile ne, karɓi gyara, ba a taɓa gas ba, firizarki sabuwa ce har yanzu. In kwamfuresa ce, ki nemi canji. Canza ta na nufin yanke bututu, walda, sabon mataci, zuƙe iska da injin, sannan a zuba gas da sikeli. Yawancin na yanzu gas ɗin da ake kira R600a suke amfani da shi, 'yan giram ne kawai, adadin na rubuce a bayanta, kuma yana kama wuta. Wanda ya zuba ba tare da sikeli ba, ko ya sa wani gas ɗin, R134a, a madadinsa, ya kashe sabuwar kwamfuresar, don man da ke cikinsu ma ba iri ɗaya ba ne. In dole gyaran za a yi, a rubuta miki lambar kwamfuresar da aka sa da tsawon garantin aikin.

Wajen ɗauka, kada a kifa ta ko a jingine ta a gefe cikin Keke Napep, a samu mota mai buɗaɗɗen baya ta zauna yadda take zama a ɗaki. Ki ɗauki hotonta ta kowane gefe kafin ta fita, ki karɓi takardar shaidar sun karɓa, da lambar jikinta a rubuce. In ta dawo, a bar ta awa 4 zuwa 6 kafin a kunna, mai ya koma mazauninsa.