"Kowa ya iya allonsa ya wanke": zagi ne ko nasiha?

Ɗan Fagge: Jama'a ku raba ni da yayana. Sati uku ke nan ina koyon zane wajen wani mai rubuta allunan shaguna a unguwarmu, har yau bai bari na taɓa fuskar mutum ba. Kullum layi, da'ira, akwati, sai ƙwai da inuwarsa. Jiya buta ya dire mini, wai in miƙe hannu da fensir, in runtse ido ɗaya in auna tsawonta da faɗinta. Na kai kuka gida, Yaya ya kalli takardata ya ce "kowa ya iya allonsa ya wanke", ya tashi abinsa. Zagina ya yi ko?

Malam Na Kurna: Ina zagi a nan? A makarantar allo ba ka wankewa sai ka biya wa malam babu gargada. Cewa ya yi ka iya butar tukuna. Bakin buta da'ira ne, amma in ka kalle shi ta gefe siffar ƙwai yake komawa. Wanda bai ga wannan ba, da me zai zana kan mutum?

'Yar Gwammaja: Allah gafarta Malam, wannan fassarar soro ce. A cikin gida in aka faɗa maka haka, kowa tasa ta fisshe shi ake nufi.

Ɗan Fagge: Yauwa Anti, haka na ji ta a raina.

Maman Biyu: Kun tuna mini da kakarmu a Dala, Allah ya jiƙanta. Zanen ƙwarya take yi da wuƙar da ta sha wuta, 'yan kasuwar Kurmi na zuwa sari har gida. Da na nace sai na koya, tsakar gida ta nuna mini, ta ce in zana dagi da tsinke a ƙasa. In na gama sai ta zo ta shafe da ƙafa, ko kallon kirki ba ta yi. Da damina ta wuce ta miƙo mini sakaina. Ni kuwa rannan ta tafi barka, na sace ƙwaryar da aka ba ta aikin amarya, na ɗora wuƙa. Hannu ya goce, layi ya tafi har gindi. Ƙwarya fa ba ta da kilina! Ba ta dake ni ba. Shekara guda a ƙwaryar nan ake dama mini fura, kuma in baƙi sun zo ita take sa a fito da ita.

'Yar Gwammaja: Wannan hukunci ai gara duka.

Sarkin Zolaya: Ku bar yaro ya koya da kyau, zaɓe na tafe. Akwai masu neman wanda zai zana musu gada a fosta. Wani ma ko bisimilla bai rubuta a allonsa ba, ya wanke yana neman tazarce.

Malam Na Kurna: Kai dai komai sai ka kai shi can. Ɗan Fagge, rage danna fensir. Fara da fensirin HB sama-sama, 2B mai duhu sai wajen inuwa.

Maman Biyu: Ƙwaryar tana nan wajen ƙanwata a Hotoro, in na je zan ɗauko muku hotonta.

Ɗan Fagge: To ni yanzu in ba Yaya haƙuri ne ko shi zai ba ni?

Sarkin Zolaya: Zana shi riƙe da buta ka turo mu yanke hukunci.